Kwamfutar da Ba Ta Son Alhaji Hammadu

Maganar ta zaga unguwarmu Gesse, ta hau keke ta sauka Gwadangaji, kafin ta dawo kunnena har ta yi jikoki. Wai Alhaji Hammadu na Argungu, wanda ke neman aurena, yana yawo da wani ƙulli a aljihun 'yar cikinsa, irin na masunta, wanda ake kiran kifi da shi ya taho da kansa ya shige koma. Wai da shi ya kamo ni. Shaidar masu maganar kuwa kwamfutata ce: duk ranar da ya tako gidanmu sai ta ɗauke, kamar an hure fitila. Ƙarfe ne, in ji su, ba ya ƙarya kuma ba ya kara.

Ku da kuke ta turo saƙo kuna tambayar abin da ya sa na yi shiru, to ga dalili. Wanda kuma yau ya fara karanta ni, sunana Khadijatu, Malama Dije ake ce mini. Kimiyya na koyar a makarantar 'yan mata har na ajiye aiki, mijina ya daɗe da rasuwa, 'ya'yana duk na aurar, kuma i, da furfurata wani dattijo yana fesa turare domina. Wanda abin ya ba dariya ya dara. Na riga ku.

Kwamfutar ta marigayi ce, irin ta kan tebur, baƙin akwati a ƙasa, allo a sama. Tana ƙaramin falo inda litattafansa suke, kuma a kanta nake rubuta muku, don yatsuna ba sa shiri da ƙananan haruffan waya. A falon nan nake karɓar Alhaji, ƙofa a buɗe, Hamida matar ɗana tana shiga da fita da ruwa da lemo. Shi mutum ne mai son a karanta masa. Zai zauna a kujerar da ke bakin taga, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce in karanto masa abin da na rubuta a satin. Ina cikin karatu, sai allo ya yi baƙi. In danna, ta taso, ta ɗan jima, ta sake mutuwa. Haka za ta yi ta yi har ya tafi, ta kwana tana yi, washegari ma ta taɓa. Daga nan sai ta warke sarai kamar ba ita ba, har sai ya sake zuwa.

Ban ce babu sihiri ba, Alƙur'ani ya ambace shi. Abin da na ce, ba kowace fitilar da ta mutu ce aljani ya hure ba. Amma bari in gaya muku inda maganar ta same ni. Ni da na yi shekara da shekaru atamfa ɗaya ba ta dame ni ba, sai ga ni na ɗinka leshi ruwan ƙwai da mayafi mai duwatsu. Ni da waya kan yini a ƙasan filo, sai ga ni ina juya ta ko ya turo saƙo. Da aka ce ƙulli ne, na tsaya gaban madubi na tambayi matar da ke ciki: wannan son naki ne, ko ɗora miki shi aka yi?

Rabi'u, ɗana namiji tilo, shi da iyalinsa muke zaune a gidan. Shi ya haɗa mana wutar sola da hannunsa, don aikinsa ke nan. Na sa ya duba, ya zagaya da ɗan abin awonsa mai allura, ya dawo ya ce wuta lafiya lau, batura lafiya lau. Bai taɓa zagin Alhaji a gabana ba. Iyakarsa ya sunkuyar da kai ya ce shi dai bai ce komai ba, amma Inna ta duba da kyau.

Sai ga saƙon murya daga Yaya Muhammad Sani, wana, wanda shi ne waliyyina, malami ne a Gwadangaji. Na saurare shi tsaye a ƙofar kicin.

"Dije, ni ban cika ɗaukar maganar zaure ba, amma wagga ta kai min wuya. Jumu'a mai zuwa in an sauko masallaci mutanen Argungu za su taho jin amsa. In babu abin da ya wanke mutumen ga, ni ba ni bada ke ga mai ƙulle-ƙulle. Ki yi haƙuri."

Na san bazawara tana da ta cewa a kanta, na karanta kamar yadda ya karanta. Amma ni ba zan yi auren da wana ya juya wa baya ba, kuma shi ma ya san haka.

Da safe na sa aka ɗora akwatin a keke muka nufi shagon Zulkifli mai gyara, bayan kasuwa. Na zauna a kan benci ban matsa ba, don na san halin masu gyara, in ka ba da baya sai a canza maka abin da bai lalace ba. Ya kwance murfi, ya hure ƙurar da ta toshe fanka, ya zare 'yan sandunan ƙwaƙwalwarta ya goge bakinsu ya mayar, ya shafa sabon farin mai a inda take ɗaukar zafi. Ya ce sau da yawa zafi ne ke sa su kashe kansu, in ba zafi ba to akwatin da ke raba wuta a ciki ne ya gaji. Na ce a canza shi ma, kada a bar wa zargi ƙofa. Ya canza, har da igiyar wuta. Ya kunna ta ya bar ta tana ta kiɗa tun hantsi har aka kira la'asar, ko tari ba ta yi ba.

"Hajiya, wagga ta fi ni lafiya," ya ce yana ɗaure murfi.

Na dawo da ita gida da ƙarfin gwiwata. Ta yi aiki lami lafiya. Alhaji ya zo, na buɗe baki na karanta layi biyu, ta ɗauke.

Ranar ko kallonsa ban iya yi sosai ba. Idona yana kan aljihunsa na hagu, wanda ya ɗan yi tudu. Ya lura, ya gyara zaman rigarsa, ni kuma gyarawar ta ƙara tayar mini da hankali. Kun ga yadda zargi yake, in ya shiga gida ko tarin mutum hujja ne.

Na kwana ina juya abin. In mutumin ne, to duk inda suka haɗu da ita ya kamata ta mutu. Don haka ban gaya wa kowa ba, na ɗauki shatar mota, na naɗe akwatin a bargo na rungume shi a cinya, allo kuma a kujerar baya an tokare shi da filo. Muka kama hanyar Argungu, fadama kore shar da shinkafar rani, buhunan albasa jibge a bakin titi. Direba sai satar kallona yake ta madubi. Na sauka a gidan Goggo, yayar Alhaji, tsohuwa mai baki kamar reza. Ta dube ni, ta dubi yaran da ke shigo da kaya.

"Yau na ga zamani. Amarya ta iso da kayan ɗakinta tun ba a ɗaura ba."

Na ce mata gara in fara kawo mai nauyin, sauran sa biyo baya. Ta yi dariya har da tafi, ta aika a kira ƙanenta.

Ya zo cikin shadda ruwan toka, ya tarar na haɗa komai a kan tabarmar Goggo. Na ce ya matso. Ya matso. Na ce ya ɗora hannu a kan akwatin. Ya ɗora, yana dubana. Sai da muka ɗau lokaci a haka, allo tar, fanka tana juyawa, sannan ya tambaye ni a hankali ko wannan wani sabon salon gaisuwa ne na mutanen Birni. Ban iya kewaye-kewaye ba. Na gaya masa abin da ake faɗa, tiryan-tiryan.

Ya janye hannunsa, ya sa a aljihun nan na hagu, ya fara fiddo kaya yana jerawa a tabarma: carbi, asuwaki, ɓarin goro a leda, da kwalin maganin hawan jini. Ya zazzage ɗayan aljihun, makullin mota ne da hankici.

"Ga asirin, Malama. Kakana masunci ne, ban ɓoye ma kowa ba. Ni kau malamin gona ni kai har na bar aiki, ko iyo ban iya ba." Ya ɗaga kwalin maganin. "In akwai wanda anka kama tsakaninmu, ba ke ba ce."

Goggo ta ce in ƙanenta yana da abin kiran mata, da bai shekara bakwai yana cin tuwon gidanta ba. Na yi dariya, amma kunya ta rufe ni, ina kallonsa yana mayar da kayan aljihu ɗaya bayan ɗaya. Kwamfuta kuwa har na yi sallama ba ta ƙifta ba.

Na dawo da murnata na gaya wa Rabi'u. Ya saurara har na gama, ya ce to ai a garinsu ne, kuma irin wannan abu da gida ake nufarsa, gidanmu aka yi wa, ba gidan Goggo ba. Na dube shi. Shekaruna a aji sun koya mini in ji tsoron maganar da ba ta da hanyar ƙaryatawa: in ta mutu, shi ne, in ba ta mutu ba, shi ne dai. Amma na san abin da Yaya zai ji ke nan, kuma zai zauna masa. Tafiyata Argungu ta wanke Alhaji a wurina, ba ta wanke shi a Gwadangaji ba.

Sai na koma abin da na yi ta dukan tebur ina gaya wa 'yan mata a ɗakin gwaji: abu ɗaya ake canzawa, a bar sauran yadda suke. Ni na canza gari, na canza wuta, na canza ɗaki, duk a tashi ɗaya. Dole a yi gwajin a gidanmu. Kuma Alhaji ba shi kaɗai yake shigowa ba. Motarsa a waje take tsayawa. Wayarsa ta je gidan Goggo, turarensa ma ya je. Abin da bai je ba ɗaya ne: kular kifi. Bai taɓa tako gidan nan ba sai da ita, shaƙe da ɗanyen kifin Argungu, yana sallama Hamida za ta karɓa ta yi ciki da ita. Me ya haɗa kifi da kwamfuta? Ban sani ba. Har na ji wata zuciya tana raɗa mini cewa ƙila a cikin kifin ake sako abin. Na ce mata to, ko hakan ne ma a gwada.

Na ɗauki waya.

"Gobe Laraba ka taho. Hannu rabbana."

Ya gani, ya yi ta rubutu yana gogewa, ina kallon alamar.

"Malama, Bakabe ya shiga gidan mace ba komi a hannu? Mi za a ce da ni?"

"A ce ka ji magana."

"Ko karfasa biyu?"

"Ko ƙaya."

Ya turo hoton fuskar nan mai hawaye ɗaya. Jikarsa ce ta koya masa, na tabbata.

Ya zo bayan azahar, farar shadda, hula kube, hannuwa biyu suna reto bai san inda zai ajiye su ba. Hamida ta fito da sauri karɓar kula, ta tsaya turus, ya kawar da kai kamar wanda aka kama da sata. Muka zauna. Na kunna, na fara karatu, kunnena ɗaya a kan muryata, ɗaya a kan fanka. Na gama shafi. Na shiga wani. Na karanta masa duk abin da ke ciki har da wanda ban gyara ba, makogwarona ya bushe, aka kira la'asar, ya je masallaci ya dawo, tana nan a kunne. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaye ni ko ya ci jarrabawa. Na ce rabi.

Saura rabin. Alhamis da hantsi na yafa mayafi na tafi kasuwa da kaina, na zaɓi giwan ruwa ƙato wanda gidanmu ba zai cinye a yini ba, na dawo na miƙa wa Hamida na ce a adana. Ban ce da ita komai ba. Na shiga falo, na kunna, na kashe fankar sama don in ji motsin gidan, na harɗe hannu. Alhaji yana can Argungu, na ma tabbatar, don ya turo mini hoton albasarsa.

Ba a jima ba ƙwan fitilar da ke saman kaina ya ɗan dushe ya dawo. A bayan bango wani abu ya yi gurnani. Allo ya yi baƙi.

Da can muryata ce take rufe wannan gurnanin, ko fanka, ko bugun zuciyata. Na tashi na bi shi. Bayan bangon falon sito ne, inda muke ajiye shinkafa da manja, kuma a nan babbar firizar nan take, wadda aka saya don naman layya. Ruwan sanyi muna da ƙaramin firji a kicin, ita wannan a kashe take yini da kwana. Na tarar da ita tana kaɗawa, kifina a ciki. Na duba bango inda na san soket ɗinta yake, wanda ke kan wutar gari. Babu komai a jiki, an manne bakinsa da baƙin salatif. Na bi igiyar firizar da hannu, ta shige bayan buhunan shinkafa. Na kira Hamida muka ja buhu. An ƙara mata wata doguwar igiya fara, ta bi gindin bango, ta shige wata 'yar huda da aka yi da kyau, ba aikin ɓera ba. Na koma falo na ture kantar litattafan marigayi. Ga ta nan ta ɓullo, an cusa ta a layi ɗaya da kwamfutata, layin sola, wanda aka yi don fitilu da fanka da cajin waya.

Ba sai an kira malami ba. Firiza in za ta tashi, wuta take zuƙa da ƙarfi lokaci guda, ƙaramin injin solarmu ya durƙusa, kwamfuta kuma ba ta jure ko ƙiftawar ido. In sanyi ya kama sai firizar ta huta, in ya sake ta kuma tashi, shi ya sa mutuwar ba ta da lokaci. In kifi ya ƙare a kashe ta, kwamfuta ta warke. Duk da haka ban yarda da kaina ba. Na tsayar da Hamida a sito, ni a falo, ina cewa kashe, kunna, muka yi ta yi har ta gaji. Ko sau ɗaya bai saɓa ba.

Na koma sito na zauna a kan buhu, wani sanyi ya sauka a ƙirjina. Leshin nan ruwan ƙwai ashe ni na so shi.

Sai idona ya koma kan salatif ɗin.

Na tambayi Hamida yaushe aka mayar da firiza wancan layin. Yarinyar ba ta da ɓoye-ɓoye, kuma na ga alama ita ma a lokacin take haɗa lissafin, don fuskarta ta canza tun kafin ta gama magana. Ta ce Abban Kausar ne, haka take kiran Rabi'u, ya ce soket ɗin bango ya ƙone. Ya kuma ce kada ta riƙa kunna firizar tana shanye batir, sai in Alhaji ya kawo kifi, shi kuma da ya shigo ta sa shi a sanyi nan take kada ya lalace. Na ce yaushe. Ta murza bakin zanenta.

"Satin da Alhaji ya tai gaida Kawu na Gwadangaji, Inna."

Na ɓare salatif ɗin da farce. Babu baƙi, babu ƙauri. Na zare igiyar firizar daga farar, na cusa ta a bango. Akwai wutar gari a lokacin. Ta tashi da gurnaninta, lafiya lau, na leƙa falo, allo tar.

Na ce da Hamida kada ta ce komai, ba don ita ba, don ni. Na naɗe farar igiyar na sa a jakata. Ranar na ba Rabi'u uzuri ya fi a ƙirga. Ƙila wani yaron aikinsa ne ya yi. Ƙila soket ɗin yana yi yana ƙi. Ƙila ya manta. Amma mutumin da ya zagaya gidan nan da abin awo ya ce mini komai lafiya, shi ne ya huda bangon. Ya dawo aiki ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, ya ajiye mini ledar lemon ɓawo da ya san ina so, na amsa, na sa masa albarka, ina kallon ƙeyarsa, ƙeyar ubansa sak.

Juma'a aka sauko masallaci. Saƙon Alhaji ya shigo cewa mutanensa sun wuce Ambursa. Na sa leshin, na ɗaura ɗankwali, na yafa mayafi mai duwatsun. Abin da zai wanke Alhaji a gaban Yaya yana cikin jakata, kuma ba yadda zan fiddo shi ba tare da an tambayi wanda ya ja shi ba, a gaban baƙi, a gaban kawunsa. Rabi'u ya fito da mota, farar rigarsa ta masallaci ko cirewa bai yi ba, ya buɗe mini gaba. Na shiga. Ya sa makulli.

Na ce ya dakata. Na zuge jaka, na fiddo igiyar na ɗora a cinyarsa.

"Na gwada soket ɗin sito jiya," na ce. "Ina son in ji daga bakinka kafin mu isa."

Ya dubi igiyar. Ya zare makullin ya riƙe a hannu.

"Soket ɗin lafiyatai lau, Inna. Ni na maida firizar layinki, kuma na san abin da za ta yi. Maganar ƙullin ma ni na fara kai ta Gwadangaji."